Ɗalibin Ibadan da ya tsallake ƙafa 6 da inci 8

A shekarun 1950, ɗalibin Kwalejin Jami'a ta Ibadan ɗan gata ne, amma da linzami a bakinsa. Ana share masa ɗaki, ana wanke masa tufafi, sai dai liyafar dare ba ta yiwuwa sai da rigar ilimi a kafaɗa, kuma baƙo na da lokacin fita. An buɗe kwalejin a 1948 da ɗalibai 104, ƙarƙashin Jami'ar Landan, ta kuma kwaso ɗabi'un Ingila kusan dukansu.

Nan Emmanuel Ifeajuna ya shiga a 1954, jim kaɗan bayan ya tsallake ƙafa 6 da inci 8 a Bankuba ta Kanada, da takalmi a ƙafa ɗaya, ya ci lambar zinariya a wasannin ƙasashe renon Ingila. Hotonsa ya hau bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta. Amma a Ibadan, muhawara da siyasar ƙungiyar ɗalibai suka fi filin wasa jan hankalinsa.

Yana can a 1957 lokacin da hukuma ta kafa ragar waya a ɗakunan kwana, wai maganin ɓarayi. Ɗalibai suka ce keji aka yi musu, suka yayyanke ta. Aka rufe kwalejin, aka sallame su gida.

Daga baya ya shiga soja, ya kasance cikin jagororin juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 da ya ci ran Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa. An harbe shi a Inugu cikin Satumban 1967.