In Fitilun Titi Sun Mutu a Jalingo, Mata Ke Fara Tashi

Duk wanda ya san Jalingo ya san cewa da an yi sallar Magariba wata kasuwa ke ci a bakin titi, kuma galibi mata ne ke riƙe da ita: masu tuyar ƙosai da awara, da masu gasa masara. Wannan kasuwa da haske take rayuwa. Ranar da fitilun titi suka ƙi kamawa, kafin a yi nisa da Isha'i an fara kife kasko, ko da kuwa sauran ƙullu na nan a roba.

Garin ya zama babban birnin Jihar Taraba a 1991, sa'ad da aka raba tsohuwar Jihar Gongola, ya kuwa bunƙasa har ya miƙe zuwa Mile Six da Nukkai. Amma fa hasken bai bi gidaje ba. Manyan hanyoyi irin su Hammaruwa da Barde su ake fara sa wa fitila, alhali lungunan da mace za ta ratsa kafin ta kai ƙofar gida sai tocila ko hasken waya, wayar da ita ce ma abin da ɓarawo ke hari.

Dalilan duhun ba ɓoyayyu ba ne. Jalingo tana can ƙarshen dogon layin wuta, watau abin da ya sami layin a wata jiha sai ya kwana a kanta. A watan Afrilu na 2024 ɓarayi suka kayar da turaku huɗu a layin Jos zuwa Gombe, Yola da Jalingo suka shiga duhu. Janareto kuwa sai da man dizal, wanda ya yi tsada ƙwarai tun 2022. Fitilu masu aiki da hasken rana su ma da nasu ciwon: ƙurar hunturu ta lulluɓe faranti, batir ya raunana ko a sace shi. Abin takaici, jihar da ke da madatsar Kashimbila mai megawat 40, wadda kuma aka daɗe ana yi mata alkawarin tashar Mambila, ita ce 'ya'yanta ke lalube.

A farkon 2024 Gwamnatin Jihar ta hana hawa babura cikin birnin, ta kuma ƙayyade zirga-zirgar Keke Napep daga ƙarfe 6 na safe zuwa 8 na dare, domin maganin miyagu. Niyyar mai kyau ce, sai dai ma'aikaciyar jinya da ta tashi aiki da dare, da ɗalibar da ta makara a makaranta, ƙafa ta rage musu, cikin duhu kuwa.

Ba Jalingo kaɗai ke wannan muhawara ba. A Ingila ƙananan hukumomi da yawa da gangan suke kashe fitilu bayan tsakar dare don tsimin kuɗi. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda ya duba hukumomi 62 na Ingila da Wales, bai sami shaidar cewa laifuffuka sun ƙaru saboda haka ba. Duk da haka, bayan an sace wata matashiya a Landan aka kashe ta a 2021, Gwamnatin ƙasar ta ƙara kuɗin tsaron tituna zuwa fam miliyan 45, har da na fitilu.

To, a nan ne lissafin hukuma ke gazawa. Littafin 'yan sanda abin da ya auku kaɗai yake ɗauka. Macen da ta fasa fita, ko ta yi zagaye mai nisa don ta kauce wa wani lungu, ko ta biya yaro ya raka ta, babu inda aka rubuta ta. Mai ƙosai da ta tashi sa'a biyu kafin lokacinta ta yi asarar cinikin da ya fi kowane tsoka, domin a sa'o'in nan ne masu dawowa daga aiki ke neman abin kai wa baka.