Blu-ray ko 4K: wace na'urar faifai ta dace da ɗakin kallo a Magariya da Dungas?

Manyan talabijin masu shafaffen gilashi sun yawaita a gidaje da wuraren kallon ƙwallo a gundumomin Magariya da Dungas na jihar Damagaram, galibinsu daga kasuwannin Kano da birnin Damagaram. Sai dai da yawa kan saya, su jona tsohuwar na'urar DVD, su ga hoton ya yi dishi-dishi. Laifin ba na talabijin ba ne. Faifan DVD layi 576 kawai yake bayarwa, na VCD kuwa 288, shi ya sa idan aka baza su a kan babban gilashi sai hoton ya watse.

Na'urori biyu ne ke maganin wannan: Blu-ray, wadda ta fito a 2006, da Ultra HD Blu-ray, wadda aka fi sani da 4K, da ta shigo kasuwa a 2016.

Bambancin farko yana cikin faifan. DVD mai shimfiɗa ɗaya na ɗaukar gigabait 4.7. Faifan Blu-ray na ɗaukar 25 ko 50, yana ba da hoto mai layi 1080. Na 4K kan ɗauki 66 ko 100, hotonsa layi 2160 ne, kuma launinsa ya fi kauri, haske da duhu sun fi rabuwa. Dukansu biyu da shuɗin hasken leza suke karatu, wanda ya fi jan hasken DVD siriri, don haka ake iya cusa bayanai masu yawa a faifai mai girma ɗaya.

Na biyu, na'urar 4K tana karanta faifan Blu-ray da DVD da CD, amma na'urar Blu-ray ba ta karanta faifan 4K. Wannan ba ya nufin mai tsadar ce ta fi dacewa da kowa. Idan talabijin ɗinka ba na 4K ba ne, ƙarin kuɗin ya tafi a banza, domin gilashin ba zai nuna abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Na uku kuma shi ne ya fi shafar mutanen yankinmu: ina faifan yake? Finafinan Hausa na Kano a VCD da DVD aka saba sayar da su, yanzu kuma akasarinsu sun koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, ko a tura wa mutum a waya. Na'ura ba ta ƙirƙirar abin da babu a faifai. Tana iya ɗan gyara hoton DVD, amma ba za ta mai da shi 4K ba. Wasu sabbin na'urorin ma ba sa karɓar VCD, don haka mai tarin tsofaffin finafinai ya tafi da ɗaya a gwada kafin ya biya.

Akwai tarkuna a kayan gwanjo. An raba faifan Blu-ray zuwa yankuna uku: A na nahiyar Amurka, B na Afirka da Turai, C kuma ya haɗa da Indiya da Sin da Rasha. Na'urar da aka yi wa Amurka na iya ƙin faifan da aka sayo a Faransa. Faifan 4K ba shi da wannan shingen. Haka nan a guji na'ura mai tambarin HD DVD. Kamfanin Toshiba ne ya yi gogayya da ita da Blu-ray na ɓangaren Sony, ya kuma janye a watan Fabrairun 2008. Tun daga nan aka daina buga faifanta, kuma ba ta karanta Blu-ray.

Sai batun wuta. Wutar NIGELEC bolt 220 ce, ta Amurka kuwa 120. A duba rubutun bayan na'ura, idan 120 kaɗai aka rubuta, jona ta kai tsaye ƙonewa ne. Wanda ke amfani da janareta ko hasken rana ya sa mata na'urar daidaita wuta. A kuma duba bayan talabijin, domin sabbin na'urorin da wayar HDMI suke aiki, ba su da ramukan nan uku na rawaya da ja da fari. Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce ga idon leza, a riƙa rufe na'urar da ƙyalle idan an kashe ta.

A sani kuma kasuwar tana raguwa: Oppo ya daina ƙera waɗannan na'urori a 2018, LG ya bi sahu a ƙarshen 2024, abin da zai sa kayan gyara su ƙara wuya.

Ga mafi yawan magidanta, Blu-ray ta yankin B mai ramin filashi, wato kile, ta wadatar. Ita 4K ta mai talabijin na 4K ce, wanda kuma yake da hanyar samun faifan asali daga Yamai ko ƙasashen waje.