Ka Sassaƙa Baka, Saura Kibiya

Lokacin hutu wasunmu kan sassaƙa baka da icen dargaza ko gora, a ɗaura tsirkiya, a ce an gama. Sai an zo harbi a ga kibiya tana lilo a iska, tana faɗuwa inda ba a nufa ba. Nan da nan sai a ɗora wa bakan laifi, alhali sau da yawa kibiyar ce ba tasa ba. Kowane baka da irin kibiyar da yake so, kuma abubuwa huɗu ake dubawa.

Na farko, tsawo. Ka ɗana doguwar sanda, ka ja tsirkiya har inda ka saba tsayawa, abokinka ya yi alama daidai gaban bakan. Ka ƙara santimita 3 zuwa 5 a kai, shi ne tsawon kibiyarka. Kada ka yi wasa da wannan fa. Gajeriyar kibiya takan zame ta bayan baka, kana saki sai ta shige hannun da ke riƙe da shi.

Na biyu, nauyi. Ka fara sanin ƙarfin bakanka: ka maƙala sikelin rataye a tsirkiya, ka ja har iyakar janka, ka karanta. Masu bakan katako sukan lissafa kusan giram 1.4 ga kowane kilo ɗaya na ja. Ke nan bakan da ke jan kilo 18 yana son kibiya mai giram 25 ko 26. 'Yan injiniya sun san dalili: ƙarfin da ka tara a cikin icen dole ya je wani wuri. In kibiya ta yi sakayau ba za ta ɗauke shi duka ba, sauran ya koma jikin baka, wata rana ka ji ƙas! Shi ya sa ba a taɓa sakin tsirkiya babu kibiya.

Na uku, tauri. Bakan gargajiya ba shi da yanka a tsakiya, don haka kibiya sai ta ɗan lanƙwashe ta kewaye marikin kafin ta miƙe. In da dama kake ja, kibiyar kuma tana gefen hagu na baka, mai tauri da yawa za ta riƙa karkata hagu, mai laushi da yawa ta yi dama. Gyaran ba wuya. Ƙara nauyin ƙarfen kai yana sa ta yi laushi, rage tsawonta yana sa ta yi tauri, amma kada ka rage har ta gaza awon farko.

Na huɗu, lafiyar sandar. Maharbanmu da kyauro suke yi, maƙeri ya ƙera musu kan. Kibiyarsu ba ta da gashi, nauyin ƙarfen da ke gaba ne yake riƙe ta a hanya, harbin kuma na kusa ne. In kana son nisa, ka sa gashin tsuntsu uku, duk daga fiffike ɗaya. Ka mirgina sandar a kan tebur, in ta karkace ka ɗuma ta a wuta ka miƙar. Ka naɗe gindinta da zare inda tsirkiya ke shiga, don kada ta tsage. Kafin kowane harbi ka ɗan lanƙwasa ta kusa da kunne. Ka ji ƙara? Karya ta ka yar, don mai tsagu a hannu take fashewa.

Shawarata, ka yi guda shida masu tsawo da nauyi ɗaya, ka gwada a buhun yashi daga taku goma, inda babu kowa a baya. Kan koyo ba ya buƙatar kunne, balle dafi. Kuma don Allah a bar kwari da baka a gida, ɗakin kwanan ɗalibai ba wurinsu ba ne.