Balan-balan na leƙen asiri: ɗan hakin da ya tsone wa Amurka ido

Ranar 4 ga watan Fabrairu na shekarar 2023, wani jirgin yaƙin Amurka samfurin F-22 ya harbo wani ƙaton balan-balan na ƙasar Sin a saman teku, daura da gaɓar jihar Karolina ta Kudu. Kafin nan, balan-balan ɗin ya yi mako guda cur yana shawagi: ya shigo ta Alaska ranar 28 ga Janairu, ya ratsa Kanada, ya bi ta jihar Montana, inda Amurka take ajiye wasu makamanta na nukiliya cikin ramuka. Hukumomin Bejin sun ce na binciken yanayi ne, iska ce ta kauce da shi. Washinton ta ce na leƙen asiri ne, har ministan harkokin wajenta, Antoni Blinken, ya ɗage ziyarar da zai kai Sin.

Mai karatu zai yi tambaya: me ƙasar da take da taurarin ɗan adam za ta yi da balan-balan? Amsar tana cikin lissafi. Tauraron ɗan adam yana da tsada, yana wucewa da gudu daga nisan ɗaruruwan kilomita, kuma abokin gaba ya san lokacin zuwansa. Shi kuwa balan-balan araha ne, ana cika shi da iska marar nauyi, ya hau kilomita 18 zuwa 20, ya daɗe a kan wuri guda yana ɗaukar hoto ko sauraren sadarwa. Wanda aka harbo tsayinsa ya kai mita 60, yana ɗauke da kaya na wajen ton guda.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Sojojin Faransa sun leƙi abokan gabansu daga balan-balan a yaƙin Fleurus na 1794. Japan ta saki wajen 9.000 masu ɗauke da bam zuwa Amurka a 1944 da 1945. Ita kanta Amurka, a 1956, ta tura fiye da 500 masu ɗaukar hoto saman Tarayyar Sobiyet da Sin.

To, me ya hana a kakkaɓo shi tun ranar farko? Da fari dai ganinsa ma aiki ne. An tsara na'urorin radar domin su kama abu mai gudu, kamar jirgi ko makami mai linzami, su yi watsi da abin da ke tafiya a hankali, don kada tsuntsaye da gajimare su cika allo. Janar Glen VanHerck, wanda a lokacin yake shugabantar rundunar tsaron sararin Amurka da Kanada, NORAD, ya amsa cewa wasu balan-balan sun wuce a shekarun baya ba tare da an gan su ba.

Na biyu, nisa: jiragen fasinja ba su cika wuce kilomita 12 ba, kuma jiragen yaƙi kaɗan ne suke iya kusantar 18. Na uku, harsashi ba ya fasa shi kamar na yara, domin iskar da ke cikinsa a hankali take zurarewa. A 1998 jiragen yaƙin Kanada sun yi wa wani balan-balan na bincike ruwan harsashi fiye da 1.000, amma ya ci gaba da tafiyarsa. Na huɗu, tsoron kada tarkace su faɗa kan jama'a, shi ya sa aka jira ya fita teku.

Bayan wannan abin kunya sai aka ƙara wa radar kaifin ido, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ranakun 10, 11 da 12 ga Fabrairu an harbo wasu abubuwa uku a Alaska, da Yukon ta Kanada, da tafkin Huron, inda harbin farko ma ya kuskure. Kowane makami ya kai kimanin dalar Amurka 400.000, wato wajen miliyon 240 na kuɗin sefa. Daga baya shugaba Joe Biden ya ce mai yiwuwa ukun na kamfanoni ne, ko na masu bincike, ko na ƴan sha'awa. Ko ɗan kasuwar da bai san soja ba ya san wannan ciniki faɗuwa ce.

Wahalar ita ce sararin sama cike yake da balan-balan na halal. Ɗaruruwan tashoshin yanayi a duniya, har da ta filin jirgin saman Yamai, suna sakin ƙanana domin awon iska da zafi. Ga kuma giɓi a doka: yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta ba kowace ƙasa iko da sararin samanta, amma ba ta faɗi inda ya ƙare ba. Tauraron ɗan adam yana wucewa babu mai ce masa uffan, jirgi kuwa sai da izini. Muddin ƙasashe ba su shata iyaka tsakanin biyun ba, kowane farin ɗigo da aka hango a sama yana iya zama sanadin rigima tsakanin manya.