Ko Kun Sani?

Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025, taurarinsa na shawagi kimanin kilomita 550 sama da ƙasa. Tsofaffin taurarin intanet kuwa suna can nisan kilomita 35,786, shi ya sa a da kana danna maɓalli a wasan bidiyo sai ɗan wasanka ya tsaya tunani.

Amma matashin Tasawa ko Mayahi da ke buga ƙwallo a PlayStation, sau da yawa katangar ɗakinsa ce ke cin rezo. Zangon Wi-Fi na 5 GHz ya fi sauri, sai dai bangon laka na raunana shi fiye da na 2.4. Don haka a haɗa na'urar wasa da rauta da waya kawai. Kuma in rauta na sabunta manhajarta, kada a cire mata kuran.