Kanya da Surarta a Littattafan Masana

Duk wanda ya taso a ƙasar Paki, ko ya bi fadamun da ke tsakanin Ikara da Makarfi da Kudan, ya san kanya, itaciyar nan mai duhun ganye da baƙin ɓawo wadda ta fi son bakin rafi da gindin suri, wadda kuma ɗanyen ɗanta ke da bauri har ya ɗaure baki, amma in ya nuna ya yi ɗorawa sai yara da tsuntsaye su yi ta rububinsa. Saboda wannan daɗi nata ne magabata suka ce kanya ta nuna, biri ya karye.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tun shekarar 1844 sunanta ya shiga kundin masana tsirrai na Turai, bayan wani Bajamushe mai suna Schimper ya aika da busassun rassanta daga ƙasar Habasha. Da suka dubi 'ya'yan, sai suka kamanta su da na wata itaciyar ƙasarsu, medlar, 'yar uwar tuffa, wadda ita ma ba ta ciwuwa sai an ajiye ta ta yi laushi, kuma masu zane sun daɗe suna fitar da surarta, kamar yadda aka yi a littafin wani masanin tsirrai mai suna Thomé na 1885. To amma wanda ya jera surorin biyu ya yi musu kallon basira zai ga kamannin na zahiri ne kawai, domin kambin ganyen da ke jikin ɗan medlar a bakinsa yake, na kanya kuwa a gindi, wajen marikin reshe. Haƙiƙa ba dangi ba ne. Wannan ita ce fa'idar zanen alƙalami, domin mai zane yakan tara fure da ɗa da ƙwallo a takarda guda, har ya bambanta namijin kanya da tamatarta, alhali a daji ba kasafai ake samun fure da nunannen ɗa lokaci ɗaya ba.

Wannan fanni kuwa ba baƙo ba ne ga Musulmi. A Bagadaza, cikin ƙarni na 9, aka mai da littafin Dioscorides na tsirran magani zuwa Larabci, aka yi ta kwafarsa da surori, kuma an ruwaito cewa Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar sura da ya koma zanen itatuwa da abin da ba shi da rai.

A nan Arewa, likita Dalziel ya tattara sunayen tsirranmu na Hausa a 1916, kanya na ciki, alhali mu masu itaciyar mun bar ta ga gatarin masu gawayi da masu faɗaɗa gonar rake. Wajibi ne malaman makarantun Paki, na boko da na islamiyya, su riƙa fita da almajiransu gindin kanyar da ta saura, kowane yaro ya zana ganye da ɗa da hannunsa, ya rubuta suna da amfaninta daga bakin dattawa, kuma a ɗebo ƙwallon a shuka a harabar makaranta.