Ƙugiyar tan ɗaya ba ta ɗaukar tan biyar

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp tsakanin masu walda da ma'aikatan masana'antun Sharada da Bompai, a kan ƙugiyar ɗaga kaya mai hannu, wadda ake kafe ginshiƙinta a ƙasa ko a jikin bango, hannun yana juyawa da kaya. Mai maganar ya kira kansa injiniya, amma ko sunansa bai iya faɗa ba.

Ya ce injin ƙugiyar yana kashe mazakuta. Babu hujjar haka ko ɗaya. Ya ce hular kwano ta isa kariya ga mai tsayawa ƙarƙashin kaya, alhali an yi ta ne don sifana ko noti da ya faɗo daga sama.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne cewarsa wai nauyin da aka rubuta a jikin hannun tsoratarwa ce kawai, in an rubuta tan ɗaya za ta ɗauki biyar. Wannan magana za ta iya kashe mutum.

Ban ga laifin yaron shagon da ya yarda ba. Mota tana jira, oga yana tsaye a kansa, ga kuma 'yar gaskiya a cikin zancen: igiyar wayar ɗaga kaya akan ƙera ta yadda sai nauyi ya kai kamar ninki biyar na wanda aka ƙayyade kafin ta tsinke. To amma igiyar ke nan, kuma sabuwa. Rarar an bar ta ne saboda fizga lokacin da kaya ya bar ƙasa, da lilo, da tsatsa, da silin wayar da ke cinyewa a hankali. Ita ƙugiyar gaba ɗayanta, gwajin da aka saba yi mata bai wuce kashi 125 cikin 100 na nauyin da aka rubuta ba, shi ma ƙwararru ne ke yi bayan an janye mutane.

Kuma ba lallai igiyar ce za ta fara ba da kai ba. Tan ɗaya a ƙarshen hannu mai tsawon mita 4 yana murɗa gindin ginshiƙi ninki huɗu na yadda zai murɗa shi a mita ɗaya. Wannan ƙarfin duk a kan waldar gindi da notukan da aka dasa cikin kankare yake sauka, inda ƙura da baƙin mai suka rufe, ba mai dubawa.

Wasu za su ce ai jiya sun ɗaga fiye da ƙima, ba abin da ya faru. Ƙarfe yana gajiya. Tsaga tana farawa siririya a bakin walda, tana ƙaruwa duk sanda aka ƙure shi, har wata rana ta buɗe da kayan da bai ma kai ƙima ba. Wace rana ce, ba wanda zai iya faɗa da ido. Ƙugiyar da aka taɓa ɗora wa fiye da ƙima a dakatar da ita, sai ƙwararre ya duba walda da notuka da birki kafin ta koma aiki.